Ƙahon Manniru Tela

Maɓallin tsakiya ya sake maƙalewa, kuma yau ba ranar maƙalewa ba ce. Manniru ya kwance murfinsa, ya zaro ɗan ƙarfen ya goge da ƙyallen shadda, sannan ya miƙa hannu kan teburin keken ɗinkinsa ya ɗauko gorar man keke ya ɗiga masa. Ya mayar, ya danna, ya saki. Maɓallin ya taso, amma a hankali, kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.

"Haba ɗan albarka," in ji Manniru. "Yau kaɗai nake roƙo. Gobe ka maƙale yadda ka ga dama."

Ƙahon busa ne irin na 'yan badujala, mai maɓallai uku. Bara ya saye shi a kasuwar Wuse, wajen wani mai sayar da rediyo da gangunan coci, wanda ya rantse masa ɗan Ingila ne. Sai da aka zo gida Manniru ya juya shi ya ga sunan Indiya a jiki. Kuɗinsa bai kai na turmin shadda mai kyau ba, kuma ƙahon bai taɓa ɓoye arharsa ba. Ruwan zinaren da aka shafa masa ya fara saɓulewa tun makon farko, yana bar masa kore a tafin hannu. 'Yar toshiyar da ke riƙe yawu ta faɗi, ya yanko robar silifas ya sa a gurbinta. Akwatinsa na kwali damina ɗaya ta gama da shi, sai ya ɗinka masa jaka da ragowar yadin mutane. Da farko ma man gyaɗa yake sa wa maɓallan, har kiyashi suka tare a ciki da iyalansu. Duk da haka, in ka ce wa Manniru ƙahonsa ba shi da kyau, to ka nemi wani telan ya ɗinka maka kayan salla.

Yana cikin sa ƙahon a jaka hasken ƙofar shagon ya dushe. Kawu Bello ne, yayan mahaifiyarsa, cikin babbar riga fara sol wadda Manniru da kansa ya yi wa aiki a wuya. Shi ne shugaban Katsinawan da ke kasuwanci a Jabi, kuma wannan layin shagunan na katako da kwano duk nasa ne. Shi ya ɗauko Manniru daga Katsina lokacin da Abuja ba ta wuce daji da tirela da ramuka ba, ya ba shi wannan shagon ya ce ya zauna.

Manniru ya durƙusa. "Barka da asuba, Kawu. An tashi lafiya?"

Kawu ya tsaya a bakin ƙofa. Idonsa na kan farar rigar da ke jikin Manniru, mai koren layi a kafaɗa da maɓallan ƙarfe.

"Ashe gaskiya ne," in ji shi. "An gaya mini na ce ƙarya ne. Na ce ɗan Fadima ba zai yi mini haka ba. Manniru, yau duk ƙasar nan idonta na kan garin nan. Kujerar mulki za ta baro Legas ta zauna a nan. Mu za mu fita da tutarmu mu yi wa gwamnati maraba kamar mutanen kirki, kai kuma za ka fita ka kumbura kumatu a bakin titi?"

"Kawu, mu ma marabar za mu yi. Kowa da irin tasa."

"Rufe mini baki! Kakanka alƙali ya yi wa rubutu. Ubanka da allo a hannu ya rasu. Ka duba zuriyarmu gaba da baya, ka nuna mini makaɗi ɗaya, ko mabushi, ko maroƙi. Da kake zuwa bayan duwatsu kana yi a ɓoye na kau da kai, na ce zazzaɓi ne zai sauka. Amma a gaban jama'a? Gobe a ce wa 'ya'yana ga ɗan'uwanku mabushi?"

"Ba roƙo nake yi ba, Kawu. Ban taɓa busa wa kowa don ya ba ni ko sisi ba. Ina so ne kawai."

"Yana so ne kawai!" Kawu ya juya kamar akwai wanda zai kai wa ƙara a bayansa. "To ji nan. Ko ka ba ni wannan tarkacen yanzu in jefa shi a rijiya, ko kuwa in ka busa shi a bainar jama'a yau, ka ba ni mabuɗin shagona. Ba na haɗa rufi da maroƙi."

Ya miƙo hannu. Manniru ya dubi hannun. Ya san shi sarai, hannun da ya riƙe shi a tashar mota ranar da ya fara sauka garin nan ba ya gane gabas. Ya kuma san Kawu ba ya magana biyu. Shago a Jabi yanzu ya fi zinariya wuya, tunda ma'aikatan Legas suna ta kwararowa, kowane lungu an kama. Amma duk da haka bai miƙa ƙahon ba. Shekararsa arba'in da 'yan kai, yana da mata da 'ya'ya, kuma tun yana ɗan yaro da ya bi 'yan badujala a titin Katsina har ya manta da aiken da aka yi masa, aka zane shi da tsumagiya, yake jiran ranar da zai riƙe irin wannan abu a hannunsa ba tare da neman izinin kowa ba.

Ya rataya jakar a kafaɗa.

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Mutane na jirana."

Kawu ya janye hannunsa a hankali, ya gyara rigarsa, ya fita.

Manniru ya kulle shagon ya jefa mabuɗin a aljihu. A bakin layin ya ci karo da matarsa Muhibba, ta kawo masa koko a kwanon sha. Daga ganin fuskarta ta ji komai, don bangon katako ba ya riƙe sirri.

"Baban Zahra, shagon fa?" ta ce a hankali.

"Na ji abin da ya ce."

"Keken fa, a ina za ka ajiye shi? A kan gadonmu?"

"Ban sani ba, Muhibba. Wallahi ban sani ba."

Ta dube shi, ta dubi jakar. Ita ce ta sha wahalar ƙahon nan fiye da kowa. Shekara guda yana cusa masa tsumma a baki yana busawa a ɗaki don kada maƙwabta su ji, sautin na fitowa kamar an danne akuya da matashi.

"Sha kokonka," ta ce. "In dai za a kore mu saboda busa, to ka busa ta da kyau. Kada a kore mu a kan irin wadda nake ji a ɗaki."

A bakin hanya tifar yashi na jiransu, sauran 'yan ƙungiyar sun riga sun hau. Ba wasu ƙwararru ba ne. Akwai magina, da direba, da wani akawu mai ƙaton ƙaho da ya naɗe shi kamar mesa, da masu ganguna. Duk fararen rigunan da ke jikinsu Manniru ne ya ɗinka. Shugabansu Saje Zacharias, mutumin Ushafa wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne da ya yi ritaya ya rasa abin da zai yi da yammacinsa, sai ya tara duk wanda ke da abin busa ko abin kaɗawa ya fara koya musu a filin wata makarantar firamare.

"Oga Tela, ka yi latti!" Saje ya miƙo hannu ya jawo shi sama. "Yaya mutumin Indiya? Ta tashi lafiya?"

"Ya tashi da ƙyar, Saje. Na tsakiyan nan ne."

"Bar shi. In ta maƙale, ka buga mata da yatsa daga ƙasa. Ƙaho bai san kuɗin shi ba, kai ne ka sani. Kai dai ba shi iska."

Tifar ta ɗauki hanyar filin jirgin sama. Manniru bai taɓa ganin Abuja haka ba. An shafe duwatsun bakin titi da farar ƙasa, tutoci kore da fari a kan kowane turken lantarki, 'yan makaranta a jere da ƙananan tutocin takarda, matan Gbagyi da ƙwarya a kafaɗa, masu rake da masu ruwan sanyi suna ratsa mutane. Saje ya so a tsaya kusa da sabuwar ƙofar shiga birni, inda manya za su taru, amma masu tsaron hanya suka ce can na badujalar soja ne. Aka matsa da su gaba. Can ma aka ce wurin 'yan rawar gargajiya ne. Aka yi ta gusa su har suka dangana da wata kwana inda babu rumfa babu inuwa, sai jar ƙasa da wani bututun siminti da aka manta ba a binne ba.

"Nan ma Abuja ne," in ji Saje. "Oya, kowa ya sauka. A yi layi."

Suna cikin yin layi Manniru ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Duk faɗin hanyar nan, an rasa inda za a ajiye 'yan kasuwar Jabi sai daidai gabansu. Ga tutarsu an ɗaure a gora biyu, ga Katsinawa cikin manyan riguna, mutanen da yake salla sahu ɗaya da su, waɗanda yake auna wa wuya da hannu. Ga Kawu Bello a tsakiya a kan kujerar ƙarfe. Wani ya nuna shi da baki, kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya.

Da a ce zai fasa, to yanzu ne. Yana iya cewa maɓalli ya maƙale, kuma ba wanda zai ƙaryata shi, don kowa ya san halin ƙahon. Ya zaro shi daga jaka. Leɓɓansa sun bushe. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Muhibba ɗakin haihuwa.

Saje ya ɗaga sandarsa. Ganga ta buga.

Sautin farko da ya fito daga ƙahon Manniru ba abin da za a yi alfahari da shi ba ne. Ya fashe a tsakiya, har wani a tsallaken titi ya yi dariya. Wannan dariyar ce ta taimake shi. Haushi ya kore tsoron, ya cika ƙirjinsa da iska ya tura. Sai ga shi ƙahon da ya shekara da tsumma a baki ya buɗe murya. Ba ta da zaƙi irin ta ƙahon soja, tana da 'yar kaushi da ƙarar kwano a cikinta, amma ta tashi sama ta tsallake titi ta dawo. Shi kansa Manniru bai san muryar ta kai haka ba. Taken maci ne da Saje ya koya musu, suna yi suna taka ƙafa a wuri ɗaya, hagu, dama. Maɓallin tsakiya ya so ya yi halinsa, ya ɗan buge shi daga ƙasa da ɗan yatsa, ya taso. Mutane suka fara matsowa. Masu rake suka sauke tirensu. Wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta fara juyi.

Ta gefen bakin ƙahon ya hango farar riga ta miƙe daga kujera.

Kawu Bello ya tsallako titi a hankali, ba gaggawa, yadda kowa zai gan shi. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya zo ya tsaya dab da Manniru, ya sa hannu a aljihu ya zaro sabuwar takardar naira biyar, ya ɗaga ta sama ya nuna wa tsallaken titi, sannan ya manna ta a goshin Manniru da ke jiƙe da gumi, ya danna da babban yatsa.

"Ga naka, maroƙi," ya ce da ƙarfi. "To a wasa ni. Bello na Katsina, a faɗi sunan ubana a ji."

Duk Bahaushen da ke wurin ya gane abin da aka yi. Liƙi ba a yi wa sa'a, ba a yi wa ɗan gida. Wanda aka liƙa wa kuɗi yana busa, an gaya wa duniya matsayinsa ke nan. In ya sa hannu ya karɓa, ya amsa sunan. In ya cire ya mayar, ya watsa wa babba ƙasa a ido a gaban mutane, abin da ba a yafewa. Katsinawan da ke tsallake suka zuba ido, suna jiran su ga wanne zai zaɓa.

Manniru ya ji takardar a goshinsa kamar an ɗora masa garwashi. Idonsa ya kawo ruwa, don baƙin ciki da kunya. Amma bai sauke ƙahon ba. Bai karɓa ba, bai mayar ba, bai wasa kowa ba. Ya kafa idonsa a kan sandar Saje ya ci gaba da taken da ake yi, hagu, dama. Gumi ya gangaro, takardar ta saki gefe ɗaya, ta zamo ta kan girarsa, ta faɗi ƙasa tsakanin ƙafafunsa da na mai gangar da ke kusa da shi.

A wurin makaɗan gaske akwai mai bi yana tsince abin da ya zuba. Ƙungiyar Saje ba ta da shi, don ba ta taɓa karɓar kuɗin kowa ba. Takardar ta kwanta a jar ƙasa, fuskarta sama, takalma na sauka dama da hagunta. Ƙura ta fara hawa kanta.

Kawu ya dube ta, fuskarsa ta canza. A jikin takardar akwai rubutun ajami, kamar yadda yake a kowace naira. Ba aya ba ce, adadin kuɗin ne kawai aka rubuta, kuma Kawu ya san haka. Amma baƙaƙen su ne dai waɗanda ya koya a allo, kuma shi mutum ne da ko yagaggen shafi ya gani a hanya da irin wannan rubutu sai ya tsaya ya ɗauka ya soka a jikin bango. Haka aka tarbiyyantar da shi. Takalmin mai ganga ya sauka a gefenta har ya taɓa kusurwarta.

"Kai! Ku lura mana!" Kawu ya daka tsawa. Ganga ta haɗiye muryarsa. "Manniru, ɗauke ta daga ƙasa!"

Manniru ya ji shi sarai. Ya janye ƙafarsa don kada ya taka, amma bai sunkuya ba.

Kawu ya waiga ko akwai wanda zai ɗauka masa. Babu. Takalmin ya sake tasowa. Sai dattijon ya tattare babbar rigarsa, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa a gaban ɗan ƙanwarsa, ya sa hannu tsakanin ƙafafun masu busa ya tsamo kuɗinsa. Hularsa ta goge bakin ƙahon. Tsohuwar nan mai rawa, da ba ta san me ake ciki ba, ta ga babban mutum ya durƙusa gaban mai busa, sai ta rangaɗa guɗa.

Manniru bai ji daɗi ba. Ya zaci zai ji, amma abin da ya ji shi ne tausayi da ɗaci, don wannan gwiwar da ke cikin ƙasa ta yayan mahaifiyarsa ce. Sai dai ko kusa bai yi nadama ba.

Kawu ya miƙe da ƙyar, jar ƙasa a gaban farar rigarsa. Ya hure takardar, ya shafe ta da tafin hannu, ya sa a aljihu.  Ya matso kusa da kunnen Manniru.

"Mabuɗi."

Ƙaho irin wannan ana iya riƙe shi da hannun dama kaɗai, in mutum ya matsu. Manniru ya saki hannun hagu, ya laluba aljihun farar rigarsa, ya zaro mabuɗin shagon da ya yi shekara da shekaru yana buɗewa da bismilla. Bai san inda kekensa zai kwana gobe ba. Ya miƙa shi, ya ɗan rusuna kamar yadda ake miƙa wa babba abu, ƙahon na bakinsa, taken bai yanke ba.

Kawu ya karɓa ya juya zai koma wurin mutanensa, sai jiniya ta tashi daga can ƙasan hanya. Nan take masu tsaro suka bazu a bakin kwalta suna tura mutane baya. Wani mai kaki ya tare shi da hannu.

"Baba, ba wucewa! Koma baya!"

"Ni can nake, wurin 'yan kasuwa. Ga kujerata can."

"Ba mai tsallakawa sai sun wuce. Tsaya inda kake!"

Aka turo shi baya har sai da ya tsaya a sahun gaba na 'yan badujala, tsakanin Manniru da akawun nan mai ƙaton ƙaho, fari cikin farare, kamar da shi aka zo. Babura suka fara wucewa, bayansu baƙaƙen motoci masu tuta, gwamnati ɗungurungum tana shiga sabon gidanta. A tsallaken titi Katsinawa na ɗaga hannu, amma rabinsu ba motocin suke kallo ba.

Saje ya ɗaga sanda sama, alamar a ƙara ƙarfi. Manniru ya ɗan matsa gefe ya ba Kawu wurin tsayawa sosai, ya karkatar da bakin ƙahon daga saitin kunnensa. Sannan ya mayar da hannun hagu inda yake, ya ja numfashi, ya ba shi iska.